Kalangun Baba Yana Ɗakina

Zuwa ga Yayata Ayanronke,

Gaisuwa mai yawa daga Ibadan, tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma sanyin Toronto bai gama daskarar da ku ba. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri. Iya tana nan da ƙarfinta, ƙafar ce dai ke damunta, amma bakin lafiya lau. Ni ma ina nan ina fama da ɗalibai.

Na san Baba Ƙarami zai kira ki, shi ya sa na riga shi. Kin tuna kaset-kaset ɗin da Baba ya bari a ƙarƙashin gado? Na kwaso su, na juye waɗanda ba su lalace ba a kwamfuta. A ɗaya na sami kirarin gidanmu da kalangu, na yanko ɗan guntu daga inda kiɗan ya ɗau zafi, na gyara bakinsa don kada ya fara da tari, na mai da shi kukan wayata. Abin da na yi ke nan, Yaya. Ban kashe kowa ba.

Ranar Lahadi aka yi taron dangi a Oyo kan kayan Baba. Bayan an ci amala an wanke hannu, Baba Ƙarami ya yanke cewa babban kalangun marigayin zai koma hannun ɗansa Wale, wanda ke sayar da tayoyi, wanda rabonsa da gula tun yana firamare. Da na ce ina so, sai ya yi mini bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa mai digiri, cewa kalangu ba ya magana a hannun mace, ihu kawai yake yi. Yana cikin haka wayata ta yi kuka a jaka. Wani ɗalibi ne ke neman maki.

Kin san al'adarmu, ba a kaɗa kirarin gida namiji yana zaune. Tsofaffin nan suka miƙe da gwiwoyinsu masu ƙara, suka cire huluna. Baba Ƙarami har da ƙwalla. Ya ce a saurara da kyau, wannan hannun yayansa ne, an rufe shi a ƙasa, ba za a sake haifar irinsa ba. Na bar shi ya kai aya, don ba a katse babba. Sannan na durƙusa yadda aka koya mana, na ce, "Baba, na gode. Hannuna ne."

Ya juya wajen Iya. Ita kuwa ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce ita ta riƙe rediyon a ɗakin baya ranar da aka ɗauki kiɗan a kaset, lokacin ina sakandare, kuma marigayin da kansa ya rataya mini kalangun, ya tura ƙofa don kada ƙannensa su gani. Nan take kiɗan ya lalace a kunnen Baba Ƙarami. Ya ce dama ya ji wani rauni-rauni a ciki. Ya ce abin kunya ne a riƙa yawo da kirarin kakanni a jaka tare da jan baki, in goge shi a gabansa. Na ce ba zan goge ba. Na shiga ɗaki na saɓo kalangun na sa a mota. Wale ne ma ya buɗe mini but, da alama an sauke masa kaya.

Baba Ƙarami zai ce miki ki yi mini faɗa, ke ce babba. Ba roƙonki nake ki goyi bayana ba, kada dai ki ba shi haƙuri da sunana. Kalangun yana ɗakina, na sake masa tsarkiya, kuma ba zai koma ba. Tun ranar Baba Ƙarami yake kirana safe da yamma. Ban ɗauka ba tukuna. Nakan ajiye wayar a tebur in bar ta ta kaɗa har ƙarshe, don rabon da a yi wa gidanmu kirari da yawa haka tun Baba yana raye.

Ki gaishe mini da Baban Tomiwa, da Tomiwa da Morayo. Iya ta ce a turo man zafin nan.

Ƙanwarki,
Ayanbimpe