Ɗaurin Bahago

Madarunfa, tsakiyar damina.

Zuwa ga Yayata Atika,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Yahaya da yara, ya kuma sassauta muku zafin Arlit. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, gero ya wuce ƙugu, matata Bilki ma ta samu sauƙin ciwon ƙafar nan. Na san za ki yi mamakin ganin rubutun mutumin da ko lakwal, makarantar boko, sai da bulala yake zuwa, alhali ga waya a aljihunsa. To, maganar ba ta waya ba ce. Kullum muka fara sai layi ya yanke, ni kuma ina so ki ji ta daga kai har wutsiya.

Maganar Inna ce. Kin san tun bara mantuwa ta kama ta, amma ban gaya miki iyakar abin ba don kada hankalinki ya tashi. Wata biyar ta yi ba ta kira sunana ba. In na shiga gaishe ta sai ta gyara lulluɓi, ta ce wa Bilki a kawo wa baƙo ruwa. Ni ne baƙon, Yaya, a ɗakin da aka yanke mini cibiya. Wannan na iya haɗiyewa. Abin da ya fi ƙarfina shi ne ranar da ruwan gulbi ya sauko bana, iska ta kawo mata ƙamshin laka, sai ta ture akushi. Ta ce Malam ya tafi gulbi kamun kifin ɗorawa, ba za ta ci ba sai ya dawo. Baban da ya shekara goma sha bakwai a ƙasa! Kunu kaɗai take kurɓa, shi ma sai da lallashi. Likita ya duba ta ya ce abinci ne maganinta. Ina kallo awarwaronta ya fara zamewa har gwiwar hannu, tsoro ya kama ni.

Na sayo mata karfasa da tarwaɗa a bakin tabki, ta sunsuna ta ce a mayar wa mai su. Kin tuna ɗorawa, kifin nan mai launin garin ɗorawa da ɗan gajeren gashin baki, wanda ba ya zama sai inda ruwa ke gudu. Masunta suka ce rabonsu da shi an jima, in ma akwai sai a gulbi. Sai na tuna ranar da na gaya wa Baba ba zan ƙare rayuwata ina ƙarnin kifi ba, na tafi Ɗan Issa koyon tuƙin kamyo, babbar motar kaya. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi gulbi ba ya rufe ƙofa. Na daɗe ina jin kunyar wannan rana, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke yau. Na shiga zaure na sauko da gwangwanin ƙugiyoyinsa daga saman azara, duk sun yi tsatsa, na zauna ina goge su da yashi da lemun tsami. Bilki tana ta dariya, wai direba ya koma masunci da furfura.

Bayan sallar asuba na nufi gindin kanyar nan da Baba yake zama. Yaya, ban san na yi kewar wurin ba sai da ƙafata ta nutse cikin laka mai sanyi. Wani ɗan hayaƙi-hayaƙi yana kwance a kan ruwa, balbelu suna tsaye a gacin can kamar mata sun fito da fararen zannuwa. Na jefa fatsa na zauna. Ban san lokacin da zuciyata ta tafi ba. Sai na gan mu muna yara, ke kina wanke ƙwarya a bakin ruwa, Baba yana kwance a kan babban goransa yana shawagi a tsakiyar gulbi, ƙafafunsa suna motsi a hankali, yana ƙunƙunin waƙar nan tasa da ba ta da farko ba ta da ƙarshe. Har na kusa ɗaga masa hannu. Safiya biyu na yi a haka, ko taɓa ƙugiya ba a yi ba, ni kuwa ban ji zafin zaman ba sai in na dawo gida na ga akushin Inna a rufe.

A safiya ta biyu ne wata saniya ta zo ta ratsa daidai inda zarena yake, ruwan ko gwiwarta bai kai ba. Sai na ji dariya a bayana. Tsoho Kabo ne, abokin kamun kifin Baba, yana nan da ransa, da layunsa a damtse, a kan al'adar kakanninsa kamar yadda kika san shi. Ya ce tun jiya yake kallona daga gona, yana jiran ya ga ko zan kama saniya. Ya ce gurbin nan mai zurfi da nake nema ya tashi daga gindin kanya tun shekarar babban ruwa, yashi ya cike shi, gulbi ya haƙa wani can ƙasa kusa da gaɓar da ta zube. Ni da nake taƙamar na san kowane rami a hanyar Katsina, ga shi ramin gidanmu ya ɓace mini.

Da ya kai ni sabon gurbin na ɗaga fatsa zan jefa, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce wanda ya yi shekara goma sha bakwai bai zo gaisuwa ba, ba ya fara miƙa ƙugiya. Ya tuna mini yadda suke yi da Baba: a kwaɓa dusar gero da laka da ɗan daddawa, a dunƙula, a jefa a gurbi safiya uku a jere, ba fatsa ba hayaniya, har kifi ya saba da wurin. Na ce masa Inna ba ta da kwana uku na jira. Ya ce sauri ya haifi nawa, in na firgita su yau sai baɗi. Wallahi raina ya ɓaci, amma na bi. Safiya uku ina ciyar da kifin da ban gani ba, uwata tana gida da yunwa. Nakan zauna in kalli dunƙulen yana nutsewa, ruwa ya yi zobe ya baje, in yi ta addu'a.

Rana ta huɗu na soka tana na jefa. Wata 'yar karfasa ce ta fara kamawa, Kabo ya ce in mayar da ita, na farko na masu ruwa ne. Ni na ce sadaka ce na yi, shi ya ce gaisuwa ce, muka bar ta a haka. Rana ta fara ɗagowa, har gyangyaɗi ya soma ɗibata, sai na ji an ja zaren, ja mai nauyi, a hankali, kamar yaro yana jan rigar babansa. Daga nan ya fizga. Na shiga ruwa har ƙirji da wandona, muka yi ta kai da kawowa, hannuna ya tuna abin da kaina ya manta. Da ya juyo a saman ruwa rana ta haske shi, rawaya fes, tsawonsa ya kai kamu ɗaya. Kabo ya juya baya yana share ido da hularsa. Na yanko kaba na zura ta bakin kifin na ƙulla, ban ko duba ba, na kama hanyar gida.

Na tarar da Inna a kan tabarma ƙarƙashin rumfa. Na yi sallama irin ta baƙi na durƙusa na ajiye shi gabanta. Ba ta dube ni ba. Ta shafa kifin tun daga kai, yatsunta suka tsaya a kan ƙullin kabar, ta juya shi, ta sake juyawa. Sai ta yi dariya, irin dariyarta ta da. Ta ce wannan ba ɗaurin Malam ba ne, ɗaurin bahago ne, kullum a juye, Malam ya yi faɗa har ya gaji. Sannan ta ɗago kai ta dube ni cikin ido, ta kira ni Rabi'u, ta tambaye ni har yau ban koyi ɗauri ba? Yaya, na yi kuka a gaban matata, ban ji kunya ba. Bilki ta yi miya, Inna ta ci tuwo har ta nemi ƙari.

Ba zan yi miki ƙarya ba, washegari na sake zama baƙo. Amma tana ci, kuma duk ranar da na shigo da kifi a kaba takan duba ƙullin ta gane ni, wani lokaci har zuwa azahar. Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar nan ta farko, da aka zuba miya, ta tsame kan kifin ta sa a ƙwarya ta rufe da faifai. Kin san ba ta faɗin sunan 'yar fari. Ta ce na babbar ne, kada kowa ya taɓa, ta je ɗibar ruwa yanzu za ta shigo. Bilki ta busar da shi a kan wuta ta adana. Ruwan gulbi ba ya wuce kaka, in ya janye ɗorawa ta tafi, ban kuma san da me zan ƙwanƙwasa wa Inna ƙofa ba. Ki roƙi Malam Yahaya ya bar ki ki zo tun da sauran ruwa.

Ki gaishe shi da kyau, ki gaida Maryama da Umar da amaryarsa Samira. Bilki da Gwaggo Ɗelu suna gaishe ku, Kabo ma ya ce a gaida yarinyar da ke wanke ƙwarya. Allah ya sada mu da alheri. Rabonki yana nan a rufe da faifai.

Ƙaninki bahago,
Rabi'u