Dutsen Iyakar da Ka Matsar

Kalamata, 9 ga Nuwamba

Ƙanena Lambros,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya a Melbourne, kai da iyalinka. Allah ya ƙara maka sauƙin ciwon gwiwa, don ina so ka zo da ƙafarka ka ga abin da zan faɗa maka. Mu nan lafiya lau. An fara tsinkar zaitun, Inna Stamatia ƙanwar Mama kuma ta cika shekara tamanin da tara, har yanzu tana faɗa da limamin coci.

Ka tuna kalmar da Baba yake koya mana a kan teburin cin abinci, tirigonometiriya? Kakanninmu suka haɗa ta daga kalma biyu, siffa mai kusurwa uku da kuma awo. Ma'anarta: in ka san tazarar da ke tsakanin abu biyu da ba sa motsi, ka kuma auna kusurwar da kowannensu ke kallon abu na uku, to ka san inda na ukun yake, ko da an ɗauke shi. Kai ka ce ilimin masu zaman banza ne. Ni kuma ka sa mini suna Malama Waƙafi, saboda aikina na gyaran rubutu a gidan jarida.

Da Baba ya rasu, ka matsar da dutsen da ya raba gonata da taka. Da na yi magana, ka ce wa Mama boko ne ya taɓa mini ƙwaƙwalwa. Ta yarda da kai. Ta rasu ba ta yi mini magana.

A watan jiya na tsinci littafin awon Baba a ƙasan akwatinsa. Ashe ya auna dutsen nan daga hasumiyar coci da kuma ginshiƙin siminti na kan tsauni. Su ba ka iya ɗaga su ba. Na kira ma'auniyar filaye, Fotini, ta kafa na'urarta. Da ta gama ta yi dariya, ta ce ko dai dutsen ya yi ƙafa ya taka mita huɗu, ko kuma a danginmu akwai mai ƙarfin baya da ƙarancin lissafi.

Iyakar gaskiya ta ratsa gidan da ka gina don ka dawo ka tsufa a ciki. Ta bi ta tsakiyar ɗakin kwananka. Kotu ta riga ta karɓi awon. Inna ta ce in ji tsoron Allah, jinina ne kai. Na ce mata shi ya sa ba zan rushe komai ba. Bango kawai zan ja. Rabin da ya faɗo wajena, mai tagar da ke kallon teku, na ba maƙwabcinmu Manolis ya zuba awakinsa. Ya ce in gode maka, bai taɓa ganin garke mai tayil ba.

Ka gaishe mini da matarka Garifalia, da Thanos da ƙanwarsa. Na auna rabin da ya rage maka da kaina. Gadonka zai shiga, in ka kwanta a karkace.

Yayarka,
Evanthia