Hoton da Likita Ta Nema

Vigo, 3 ga Maris

Breixo mijina,

Gaisuwa da kewa mai yawa. Ya teku, ya sanyi? Na karɓo sakamakon gwajinka. Shekara guda ke nan da aka sake haɗa maka jijiyar da ka sa aka yanke a aurenka na fari, amma likita ta ce har yau maniyyin babu iri ko ɗaya. Hanya biyu ta rage: ko a zuƙo daga marainanka da allura a haɗa da ƙwaina a asibiti, ko mu karɓi na wani da ba za mu taɓa saninsa ba. Watan Yuni zan cika arba'in, Breixo. Ina son ɗa, kuma gidan nan ya yi mini girma.

Taka,
Sabela

Jirgin kamun kifi, 29 ga Maris

Sabela,

Ina gaishe ki. Lafiya lau muke, sai dai mai dafa mana abinci yana neman kashe mu da wake. To, bari in daina kewaye-kewaye. Allurar nan na riga na yi ta, a Porto, ranar da na ce miki na je sayen raga. Sun tona, ba su samu komai ba. Na kasa kallon idonki, shi ya sa na shigo tafiyar wata biyar. Ki yafe mini. Kewarki ta hana ni sakat.

Breixo

Vigo, 20 ga Afrilu

Matsoracin banza,

Ina gaishe ka duk da haka. Sayen raga! Ni da na dafa maka kifin nan mai ƙafa takwas ranar, kana tafiya kamar agwagwa, na ɗauka ciwon bayanka ne ya motsa. Kwana uku na yi ina kuka, ba don sakamakon ba, don ka shiga ɗakin tiyatar nan kai kaɗai. Saura hanya ɗaya. Likita na son sa hannunka da hotonka, don su zaɓo mai kama da kai. Takardar tana cikin ambulan. In ka ƙi, na haƙura, kuma ba zan ɓoye maka ba, zai yi mini ciwo har in mutu. Amma ɗan da ba ka so ba zai shigo gidan nan ba.

Matarka dai,
Sabela

Montevideo, 11 ga Mayu

Sabela tawa,

Gaisuwa. Na sa hannu, ga hoton. Na so in sa hula in rufe kunnuwana, kyaftin ya ce in cire, yaro ya san abin da ke jiransa. Ki ce su nemo mai manyan kunnuwa. Kada ki je asibitin ke kaɗai. Na bar jirgin, ranar Alhamis zan iso.

Naki,
Breixo