An Sare Rimin Shamuwa

Yaya Sa'idu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya iyali, yaya ƙafar taka? Mu lafiya lau.

Yaya, raina a ɓace yake. An kafa kwamitin kare tsuntsaye a Maje saboda rimin da shamuwa ke sheƙa. Na ce a gayyato Baba Ɗanladi, tunda a gonarsa rimin yake. Shugaban kwamitin ya ce, "Ba ya jin Turanci, zai ɓata mana lokaci." Da masu gini suka taya gonar, na je roƙon Baba Ɗanladi kada ya sayar. Ya ce, "Yau kuka san da ni?" Ya sayar. Jiya aka sare rimin, da ƙwai a sheƙa.

Ka sa mu a addu'a. Ka gaida Hajiya.

Ƙaninka,
Musa