Ramin da Aka Bari a Buɗe

Watari, ranar Laraba

Zuwa ga Yaya Aina'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya maigidan, ya yara, ya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu ma lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Direban Gezawa zan ba wannan takarda, don maganar ba ta waya ba ce. Dangarmu ta kara ce, maƙwabta kuwa kunnensu na cikin gidanmu.

Yaya, an tsinci gawa a kanal ɗin da ke shayar da gonakinmu na rani. Magidanci ne, babu wanda ya san shi, ko takalmi babu a ƙafarsa. Aka jawo shi gindin dalbejiya, aka kira Liman Ɗan Iya. Suka duba goshinsa, ba tabon sallah. Suka laluba aljihu, ba carbi, ba laya, ba kuma alamar wani addinin. Liman ya ce tunda ba a tabbatar Musulmi ne ba, ba za a yi masa sallah ba, ba kuma za a kai shi cikin iyayenmu a maƙabarta ba, a jira motar hukuma. Mota ba ta zo ba. Washegari ma shiru, har ungulu suka fara jeruwa a kan bishiyar.

Kin san halin maigidana, Baban Fanta. Yana dawowa daga koyarwa ya ɗauki diga da shebur, ya ce in ba shi farin yadin da na ajiye don hijabin Fanta. Na tare ƙofa, na yi masa masifar da kika san ni da ita. Ya bari na gama. Sannan ya ce bai san abin da mutumin ya yi imani da shi ba, amma ya san uwa ce ta haife shi, ya san ya ji tsoro lokacin da ruwa ya sha kansa, kuma wannan ya isa. Na ce to ina ladan, in ba Musulmi ba ne? Ya ce shi ba don lada zai yi ba, ba kuma don tsoron azaba ba. Wai wanda sai an biya shi zai rufe ɗan Adam, ciniki yake yi. Ya daɗe yana irin wannan magana tun dawowarsa daga karatu, ni kuwa ina kawar da kai. Amma na ba shi yadin.

A gonarmu ya binne shi, shi kaɗai, ko mai miƙa masa ruwa bai samu ba. Abin da ke damuna shi ne ramin farko da ya haƙa a gangare. Ruwa ya ɓulɓulo a ciki, sai ya bar shi ya hau tudu ya haƙa wani. Na farkon yana nan baki buɗe. Kin tuna abin da su Inna ke faɗa, ramin da aka haƙa da sunan kabari ba ya kwana a buɗe. In an fasa, a jefa kara a rufe, in ba haka ba sai ya kira wani. Na faɗa masa, ya yi dariya, ya ce rami rami ne, zai cike in ya huta.

Ki sa mu a addu'a, kada kuma ki gaya wa Inna.

Ƙanwarki,
Kulu

Watari, ranar Lahadi

Yaya Aina'u,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa yana lafiya. Na ga saƙon daddawa, Allah ya saka da alheri. Shawarar da kika ba ni ta in taho gida in huta, na gode, amma ba zan iya ba yanzu. Baban Fanta yana kwance.

Zazzaɓi ne ya kama shi kwana kaɗan bayan binnewar. Mai allura ya ce taifot ne, shi ma abin da ya yarda da shi ke nan, yana shan maganinsa a kan lokaci. Amma gari ya gama yanke hukunci, wai rami ne ke kiransa. Babu wanda ya leƙo dubiya. Dillalai sun tsallake tumatirinmu, yana ruɓewa a gona. Furera matar mai unguwa ta aiko a karɓi turminta da ke wurina, 'yar aiken kuma ta ƙara da cewa maza sun ce ranar da Malam Taju, wato Baban Fanta, ya tafi, a nemi wanda zai wanke shi, ba su ba. Wallahi Yaya, wannan ce ta hana ni sakat. Mutuwa dole ce, amma a bar uban 'yata a gindin bishiya ungulu suna jiransa?

Sai na yanke in je in cike ramin da kaina. Na sa hijabi da tsakar rana, lokacin da ba kowa a gonaki, na ɗauki fartanya. Wurin tsit, ko kukan tsuntsu babu. Ina isa na tsaya cak. An riga ni. Tulin ƙasar ya ragu, ramin ya cika zuwa rabi. A gefensa ga sawun ƙafa ba takalmi, ga shatin hannu a jikin laka, kamar da hannu aka yi ta tura ƙasar. Na bi sawun da ido. Bai nufi gari ba, tudu ya hau, wajen sabon kabarin.

Na jefar da fartanya, ban san yadda na kawo gida ba. Da na gaya wa Baban Fanta, ya buɗe ido da ƙyar, ya ce matattu ba sa aiki, wani mai rai ne ya ji tausayinmu, in yi murna akwai irinsa a garin. Mutum yana rawar ɗari, amma gardama ba ta bar shi ba.

Na je na tambayi malamar Islamiyya a asirce, ta ce ya halatta mace ta wanke mijinta. Ta koya mini yadda ake yi. Ina tsoron maganganunsa, ina yi masa addu'ar shiriya a kowace sallah, amma in ta Allah ta kasance, ba zai jira mota ba.

Taki,
Kulu

Watari, ranar Juma'a

Yayata Aina'u,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Inna? Ki kwantar da hankalinki, ga labari.

Shekaranjiya jikinsa ya yi tsanani, har ya daina gane Fanta. Na ce ko ma wane ne a gonar, yau sai na gan shi. Na koma da rana tsaka. Tun daga nesa na hango mutum durƙushe a bakin ramin, cikin fararen kaya. Na karanta duk abin da ya zo bakina. Da ya ɗago kai, sai na ga Liman Ɗan Iya, tsoho tukuf, yana jan ƙasa da fartanyar da na yar.

Bai kalle ni ba, ni ma na sunkuyar da kai. Ya ce tun ranar da aka bar mutumin nan a gindin dalbejiya abinci bai yi masa daɗi ba. Ya ce hukuncin da ya bayar shi ne iyakar abin da ya sani, amma babu inda aka hana shi ɗaukar shebur, kuma bai ɗauka ba. Ya ce in gaya wa masu magana, in Taju ya riga shi, shi zai wanke shi da hannunsa. Muka jefa kara, muka cike ramin tare, ya daddale shi da ƙafa.

Na yi masa godiya, har da ta zuwansa na baya. Sai ya dube ni karon farko. Ya ce wane zuwa? Yau ne ya fara taka gonar nan, a kusan cike ya tarar da ramin, ya ɗauka ni ce. Na kalli ƙafarsa, Yaya. Takalmin roba ne da shi.

Jiya zazzaɓin ya sauka. Da safen nan Baban Fanta ya sha kunu kofi guda, ya ce magani ne ya yi aiki, ni kuwa na ce alhamdulillahi. Ban gaya masa maganar Liman ta ƙarshe ba, na san amsar da zai ba ni.

Ɗazu da maza suka tafi masallaci, na fasa tsohuwar tukunyata, na kai gutsurenta kan tudu, na kafa a wajen kan mutumin, yadda ake yi wa namu. Ban san sunansa ba, ban san ko addu'ata ta shafe shi ba. Sannu kawai na yi masa, na ce ramin ya cika, ya huta haka nan.

Ki gaida Inna, yanzu kina iya gaya mata.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Kulu