Jidda ba ta fi Agadas nisa ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aikin ɗinki? Yaya zafin Jidda, yaya abokan zamanka? Mu nan Arlit lafiya lau, sai idon Inna da ke ƙara dushewa.

Saƙonka ya iso, wai ba za ka zo ba, Jidda da nisa. Haba Yaya, kar ka raina mana hankali! Maƙwabcinmu Alhaji Bala ya dawo daga Umra, na tsare shi da tambaya. Ya ce a Jidda ya yi asuba, ya hau jirgi, a Yamai ya yi isha'i. Kawu Idi fa? Daga Agadas ɗin nan kusa, sai da ya yi ta kwana a tasha yana jiran rakiyar soja, ya biyo hanyar da ake binne nakiya, ga ciwon ƙafa, amma ya zo ya duba Inna.

Da, in jirgin kamfanin uraniyom ya wuce, nakan tsokani Inna in ce ga ɗanki nan zai sauka. Ta zage ni, mu yi dariya. Ran Juma'a na faɗa, sai ta miƙe tana laluben mayafinta. Tun ranar bakina ya mutu, kuma kai ka jawo.

Ka sa ta a addu'a in ka je Harami, ka gaida mutanen garin Tawa da ke wajenku. Amma ka zo tun tana iya bambanta ni da kai. In ka makara, wallahi rigarka zan sa in durƙusa gabanta, in kwashe albarkar da ta ajiye maka.

Ƙaninka,
Habu