Fatalwar Kwanar Gidan Mai

Litinin, 2 ga Yuni
Sun sake fitowa. Gari bai waye ba, ni ina jan bas ɗin ma'aikata zuwa masana'anta ido duk barci, su kuma masu ƙoshi sun cika gefen titi, wai motsa jiki. Mutum ya bar katifarsa da kansa, ba wanda ya kore shi. Allah ya ƙara musu wahalar da suke nema.

Laraba, 4 ga Yuni
Akwai wani ƙato mai tumbi a cikinsu. Baƙar riga, baƙin wando, baƙar hula, ya toshe kunne da abin jin waƙa, ya kuma juya wa motoci baya. A kwanar gidan mai fa, inda fitilar titi ta daɗe da mutuwa. Na sa masa suna Fatalwa. Gudun ma ba gudu ba, kamar mai tura firji.

Juma'a, 6 ga Yuni
Na danna masa hon. Ko waiwayowa. Sakarai.

Talata, 10 ga Yuni
Ana yayyafi, gilashi ya yi dishi-dishi, wata tirela ta dalle min ido. Ban gan shi ba. Wallahi ban gan shi ba. Ƙara kawai na ji, madubin gefe ya naɗe, matan da ke baya suka sa ihu. Na sauka, na tarar da shi zaune a cikin kwata, dafe da kafaɗa.

Na ce, "Malam, in mutuwa kake nema, ka neme ta a motar wani!"

Wai, "Ai ina ganin haskenka a ƙasa, direba. Na zaci kai ma kana ganina."

Ya zata! Da furfurarsa da komai. Baƙi cikin baƙi, da me zan gan shi?

Laraba, 11 ga Yuni
Manaja ya kira ni ofis. Ya ce da abin ya wuce haka, da yanzu ba ni da lasisi, ba ni da aiki, wataƙila ba ni ma a gida. Abinci ya ƙi shiga. Uwar yara ta ce, "Ka je ka duba shi mana, Baban yara." In duba wa? Shi ya kamata ya zo ya duba ni.

Asabar, 14 ga Yuni
Mai facin da ke gidan man ya san shi. Tela ne. 'Yarsa ce ke neman ƙoda, tasa ta dace, amma likita ya ce ba za a yi aikin ba sai ya rage ƙiba. Da rana yana kan keken ɗinki, shi ya sa yake fita da duhu.

To, sai me? Ƙodar da taya ta bi ta kai, wa za ta amfana? Ban yi barcin kirki ba. Sauro ne.

Alhamis, 19 ga Yuni
Duk makon nan babu shi. Titi ya huta. Ina rage gudu a kwanar ne don gwada birki.

Litinin, 23 ga Yuni
Ya dawo. Hannu a rataye, kuma cikin baƙaƙen nan dai, mutumin nan ba ya jin magana. Na taka birki, ma'aikata na ta mita za su makara. Na ciro rigar nan mai ƙyalli da muke sawa in mota ta lalace a hanya, na jefa masa ta taga. Ya saka, ta ƙi rufe tumbin.

Na ce, "Kai ba tela ba ne? Ka ƙara mata faɗi. Ka tsallaka wancan gefen, ka riƙa fuskantar motoci. Abin kunnen nan kuma ka bar shi a gida."

Ya fara godiya, na ja mota. Don lasisina na yi.

Ban tambaye shi jikin yarinyar ba. Gobe, in na ga dama.